Wa ya taɓa halartar bikin Waliyyi Roko?

Ɗalibi a Venis ta Italiya: Salama, 'yan'uwa. Ran 16 ga Agusta, ranar bikinsa, na shiga cocin San Roko, inda aka ajiye ƙasusuwan waliyyin da aka kawo Venis a 1485. Na daɗe tsaye gaban siffarsa: sandar tafiya a hannu, ya ɗage riga yana nuna gyambo a cinya, ga kare da burodi a baki. Da na tambayi wata tsohuwa labarin karen, sai ta ja ni gefe ta zayyana mini. Wai Roko ɗan Mompeliye ne ta Faransa, ya rabar da gadonsa ya kama hanyar Roma a ƙasa, yana jinyar masu annoba a garuruwan da ya ratsa. A Piyachenza cutar ta kama shi, ya koma daji don kada ya shafa wa kowa, karen nan kuma kullum sai ya kai masa burodi. Ku fa, me kuka gani a wajenku?

Wata Sista a Roma: Ɗana, ni a asibiti na san shi. Lokacin korona a 2020 ina cikin masu jinya, kuma kusan kowace tsohuwa da aka kwantar tana da ɗan hotonsa ƙarƙashin matashi. Wata ta damƙa mini nata kafin ta cika. Har yau yana cikin littafin addu'ata, gefensa duk ya lanƙwashe.

Magidanci a Kalabriya ta kudancin Italiya: Sista, Allah ya saka miki. Mu nan Palmi abin ya girgiza ni. Maza ne ba takalmi, ba riga, sun kifa wani kwando na ƙaya daga kai har ƙugu, suna bin siffar waliyyin don cika wa'adin da suka ɗauka. Gaskiya ƙayar ba ta kwanta mini ba a bikin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen rage wa mutane ciwo. Amma na ga hawayen wani dattijo a cikinsu, na kama bakina.

Wata uwa a Mompeliye: Mu burodi aka raba mana bayan Misa. Ƙaramar 'yata ta gutsura rabi ta ɓoye a aljihu, ta ce na karen maƙwabta ne.