Wai ruwan ƙasa ba shi ƙarewa? Muhawarar 'yan Tawa

Mai Albasa: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a fada ina nan bisa kanta, ruwan ƙasa ba shi ƙarewa. Nijar bisa teku take zaune, masana da kansu sunka faɗa. To mi ya kawo zancen sai mutum ya nemi takardar izini kafin ya gina foraj, wato rijiyar burtsatse, cikin garkarshi? Gona tawa, kuɗi nawa, pano na hasken rana nawa, ruwa na Allah. A bar talaka ya yi noman rani.

Mushe: Wa alaikumus salam Alhaji. Ruwan akwai shi da yawa, gaskiya ne, shi ne ake kira Iullemmeden, kuma ba namu ba ne mu kaɗai, ya shiga Mali ya shiga Najeriya wajen Sakkwato. Amma hawa hawa ne. Akwai na sama wanda ke cikin fadama, Maggiya, Tarka, Badagishiri, damina ke cika shi kowace shekara in an yi ruwa, shi ne ku masu albasa kuke ja. Akwai na can ƙasa wanda sai an huda ɗaruruwan mita nan Adar kafin a same shi, wannan tsohon ruwa ne na dubban shekaru tun lokacin da Sahara ke da ɗanyen haki, abin da ke komawa cikinshi yanzu kaɗan ne ƙwarai. Tekun da kake faɗi mafi yawa shi ne, kuma injinka bai kai gare shi ba.

Magini: Mushe bari in sa baki, ni ginin rijiya ne sana'ata tun ina bin babana. Fadamar da muke tarar da ruwa gaba uku, yanzu sai biyar ko shida a watan Afrilu. Da safe ka leƙa rijiya ta kwana ta tara, a tada inji, kafin azahar tiyo ya fara tari yana shaƙar iska yana tofar da laka, mai garka ya kira ni in sauka in ƙara mishi siminti biyu, maƙwabcinshi ya gani shi ma ya kira ni, wanda ba shi da kuɗin ƙari albasarshi ta ƙone tun ba ta yi kai ba. Ni ciniki nake samu amma wallahi abin ba shi min daɗi.

Ɗan Yamai: Ku yi haƙuri ni ina bayan Alhaji. Nan kewayen Yamai an auna, daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙasa hawa ya yi wajen mita 4, duk da farin 1973 da na 1984. To ina ƙarewar?

Mushe: Awon gaskiya ne ƙanena amma ka tambayi dalili. Daji anka sare aka mai da shi gona, ƙasa ta yi fako, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya faɗi sai ya gangara ya taru cikin tabkuna, daga gindin tabki yake nutsawa. Ruwa ya ƙaru ƙasa, gonaki sun zaizaye sama, kwazazzabai ko'ina. Kuma can ba a ja kamar yadda ake ja Galmi da Madawa. Yamai kanta ruwan pamponta daga kogin Isa yake, Gudel da Yantala ake tace shi. Ba a ɗaukar awon can a yanke ma Tarka hukunci.

Hajiya: Ni ban san mita ba, layin bido na sani. Garinmu wani mai hali ya gina foraj kusa da rijiyar gari, ya sa pano ya yi shato, tun fitowar rana inji ke aiki har ta faɗi tunda ba esansi yake saye ba. Rijiyar da mata ke ja sai an ƙulla ma igiya ƙari, guga ya fito rabi, ruwan ja wur, yara mata su makara lakwal suna jiran ta taru. Alhaji ka ce gonarka ce, to ƙarƙashin ƙasa akwai shinge? Ƙwarya guda muke shan fura, wani da ludayi wani da cokali.

Mai Albasa: Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, ban ce a cuci mata ba. Tsorona takardar ce. Wa zai samu? Mai kuɗi ya shiga biro ya fito da ita rana guda, ni a ce je ka dawo har lokacin dashe ya wuce. In an ce kontar ruwa, mai ƙidaya ruwan da ka ja, kan ƙaramin manomi za a fara, mai eka hamsin ba wanda zai taɓa shi. Albasar Galmi har Abijan da Akara take zuwa, da ita muke ci da iyali, samarin da ba su tafi bida ba ita ta riƙe su gida.

Mushe: Wannan tsoron naka yana da tushe. Sai dai dokar ruwa tana nan tun 2010, ta ce ruwa dukiyar al'umma ne, mai ɗiba da yawa ya sanar ko ya nemi izini kuma ya biya, ba ta hana kowa ruwan sha da na girki ba. Abin nema a fara da manyan foraj, kuma a san adadinsu, don yau ka tambayi meri foraj nawa ke cikin kwarin nan da wuya ka samu amsa.

Hajiya: Kuma a riƙa gwada ruwan kafin a ba mutane. Kun manta Tibiri ta Maradi? Ruwan foraj ne mai sinadarin fulor da yawa, yara sunka sha shekara da shekaru, haƙora sun rine ƙafafu sun lanƙwashe. Ruwa garai garai a ido. Yanzu kowa na huda ƙasa yana saida ma unguwa, wa ke dubawa?

Ɗan Keita: Duk kuna zancen ɗiba ba mai zancen zubawa. Aikin Keita da anka fara 1984 da taimakon Italiya, iyayenmu mata sunka ɗauki duwatsu bisa kai, aka jera bisa tudu aka dasa itace aka tare koramu don ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya wuce da gudu. Rijiyoyin da ke ƙasan madatsan nan sun ga amfanin. Yau wasu yashi ya cike su wasu sun fashe ba mai gyara. Ni in za a karɓi kuɗi hannun masu foraj, a sa shi nan, cikin kwarin da anka karɓa, mu gani da idonmu.

Makiyayi: Mu na Abalak kar a manta da mu in za a zauna. Rijiyar da kakanninmu ke shayarwa a kewaye ta da garka a ce mu biya, nan rigima ke tashi.

Mai Albasa: Gyaran madatsa zan ba da nawa, buhu guda cikin ashirin ma. Kontar dai ban yarda ba har sai na ga an sa ma manya.

Magini: To ga abin da zan iya. Ina da igiya mai ƙulli gaba gaba, a zaɓi rijiya biyar cikin fadama, duk ranar kasuwa da asuba kafin a tada inji in auna, daga kaka har faɗuwar ruwa. Amma ni ban iya rubutun boko ba, sai a samu mai riƙe littafi.

Mushe: Ni zan riƙe. Alhaji a sa taka cikin biyar ɗin?

Mai Albasa: A sa. A sa da ta kusa da foraj ɗin da Hajiya ta faɗa.