Abin da aka tsayar kan gwajin ACP na asusun 401(k)

A zaman da muka yi da masu ƙananan kamfanoni a Amurka, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce gwajin ACP, wanda hukumar haraji ta IRS ta wajabta don a duba ko kuɗin da kamfani ke ƙara wa ma'aikata a asusun ritaya na 401(k) ya karkata ga manya. Babba a nan shi ne mai mallakar sama da kashi 5 na kamfani, ko kuma, a gwajin shekarar 2025, wanda albashinsa na 2024 ya haura dala 155,000.

Lissafin kuwa: in matsakaicin abin da aka ƙara wa ƙananan ma'aikata kashi 3 ne na albashinsu, na manya kada ya wuce kashi 5. In ya wuce, an faɗi gwajin. Shawarar da kowa ya yarda da ita: a gyara kafin 15 ga Maris na shekarar da ke biye, ko dai a mayar wa manya rarar, ko a ƙara wa ƙanana, don kauce wa tarar kashi 10 na rarar.

Ni dai na fi gamsuwa da tsarin kariya daga wannan gwaji da doka ta tanada: kamfani ya biya daidai da kashi 3 na farko na albashi da ma'aikaci ya ajiye, da rabin kashi 2 na gaba. Direba da mai shara ma su ci moriya.