Magaryar daji 43 a gonata: in yi musu aure a wurin, ko in sayi dashe?

Manomin Pitowa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina noma kar biyu, wato rabin hekta, a bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Akwai magaryar daji 43 da suka fito da kansu, wasu kaurin dantse, wasu kaurin cinya. Rijiyar mita 9 ce, daga Maris ruwanta yake ja baya. Jaka 120 na ware, wato sefa dubu 120. In tumɓuke su in sayi dashen Gola (magarya mai manyan 'ya'ya) mai aure, wato wanda aka haɗa wa tsiron irin mai kyau, ko in bari a yi musu auren a inda suke? Sannan ina so 'ya'yan su nuna ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da suka yi ƙaranci a kasuwar Garwa. Ana iya jinkirta furen?

Alhajin Lagdo:
Wa alaikumus salam. Magarya kuma? Ka nemi mangwaro mai aure irin na gonar binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da ke Kismatari, ka sa tazarar mita 10, ka riƙa ba shi ruwa sosai da rani. Shi ne kuɗi.

Baba Mai Reza:
Alhaji, yaron ya ce rijiyarsa tana ƙafewa, kai kana cewa ya ba da ruwa sosai.

Ɗana, kada ka tumɓuke ko ɗaya. Saiwar da ta riga ta nutsa ta sami laima ita ce dukiyar, dashen leda sai ya yi shekaru kafin ya kamo ta. Ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ka sare kowace a tsayin gwiwa, sara ɗaya a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen. Toho zai fito da yawa. Ka zaɓi uku masu ƙarfi da suke fuskantar ɓangare daban-daban, ka fige sauran. Bayan mako shida zuwa takwas za su kai kaurin fensir, ɓawon yana ɗagowa ba gardama. Lokacin auren ke nan, Yuni zuwa Yuli.

Reshen Gola da za a ciro ido, wato ɗan tsiron da ke hammatar ganye, daga gare shi, na bana ake so, a yanko da sassafe, a cire ganye a bar ɗan ƙashin ganyen don riƙewa, a naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara. Ranar ya kamata a yi aiki da shi. Ka tsaga ɓawon tohon a tsaye kamar santimita 3, ka gitta wata 'yar tsaga a samanta, ka ɗaga leɓunan, ka zura idon yana kallon sama, ka ɗaure da zaren leda amma kada ka rufe idon. Yatsa kada ya taɓa cikin yankan. Bayan mako biyu, in ƙashin ganyen ya faɗi da ka taɓa shi kuma idon kore ne, ya kama, sai ka datse tohon yatsa uku sama da idon. In ya yi baƙi, akwai sauran toho biyu. Ka kwance ledar kafin wata ya cika, in ba haka ba ta shaƙe reshen. Kuma ka kafa sanda ka ɗaure sabon reshen, don iskar hadarin Agusta daidai wurin haɗin take karyawa.

Ɗan Njamena:
Maganar fure mai sauƙi ce. Akwai paklobutrazol, maganin danne toho, da ake damawa a zuba a gindi, daga baya a fesa gishirin potasiyom nitrat, giram 10 zuwa 20 a litar ruwa. Fure zai fito lokacin da kake so.

Ɗalibar Ngawundare:
Yaya Ɗan Njamena, wannan haɗin na mangwaro ne. Mangwaro yana fure a bakin reshen da ya ƙosa ya huta, shi ya sa ake danne masa toho. Magarya akasin haka ce, furenta a hammatar ganyen sabon toho yake fitowa. Ka danne tohon, ka danne furen. Maganin kuma yana daɗewa a ƙasa.

Abin da ke juya lokacin furen magarya aski ne da ruwa. Bayan an gama girbi a janye ruwa, ta zubar da ganye cikin zafin Maris da Afrilu, sannan a datse rassan bara a bar kamar kashi ɗaya cikin uku. Aski da wuri, fure da wuri. In an kai shi ƙarshen Mayu furen zai ja baya, amma da makonni ne, ba watanni ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce iri. Gola, Seb da Umran duk daga Indiya aka kawo su Sahel, Gola mai saurin nuna ce, Umran tana makara. A sa Umran a kan rabin bishiyoyin. Sai dai 'ya'yan da za su kai Fabrairu suna buƙatar ruwa a Disamba da Janairu, in ba su samu ba hunturu zai yanƙwane su su zube.

Baba Mai Reza:
'Yata, Ngawundare ruwanku ya kai milimita 1500, Garwa wajen 1000, Marwa ko hakan ba ta samu. Askin ƙarshen Mayu a nan yana jawo auren ya faɗa tsakiyar damina, ruwa ya shiga yankan ya ruɓe. Takarda ba ta san wannan ba.

Ɗalibar Ngawundare:
Baba, askin tsohuwar bishiya mai aure nake nufi, ba saran shekarar farko ba. Wanda kuka faɗa daidai ne. Kuma jami'armu ba a takarda kaɗai take aiki ba, an gwada fitar da ɗinya daga guntun saiwa da kuma ɗaure reshe ya yi saiwa yana kan uwa.

Baba Mai Reza:
To ɗinya ba magarya ba ce.

Innar Mayo Kaliyaw:
Ku bar gardamar, ku ji abin da sayen dashe ya yi wa wata ƙungiyar mata a nan gefen Marwa. Leda 300 suka saya daga wani mai reno, kowace da zaren leda ɗaure a wuya. Kwana biyu kayan suka yi a bayan mota cikin rana. An haƙa rami, an zuba taki, mata suna ɗauko ruwa a jarka rani biyu cur. Da suka yi 'ya'ya, ashe magaryar daji ce, ƙanana kamar gujjiya. Da aka duba, kashi uku ne. Wasu idon ya mutu tun a hanya, tohon uwa ya taso ya maye gurbinsa, ba wanda ya lura. Wasu ba a taɓa yi musu aure ba, leda kawai aka naɗa. Waɗanda suka kama da gaske ba su kai 40 ba, su ma rabi sun tsaya cak, da aka tone saiwar ta nannaɗe kamar gammo saboda daɗewa a leda. Mai renon ya ce laifin ƙasarsu ne. Kuɗin adashi ne fa, har yau wasu ba sa gaisawa.

Duk mai saye ya duba tabon haɗin da idonsa, ya ga ganyen sama ya fi na ƙasa faɗi, ƙaya kaɗan. Ya fasa leda ɗaya a gaban mai ita ya ga saiwa. In ya hana, ka san dalili.

Alhajin Lagdo:
Nawa suka saya? Nan jaka ɗaya da rabi ne.

Innar Mayo Kaliyaw:
Sefa 700.

Alhajin Lagdo:
To ai arha ba ta ado. Ba mai ba ka dashe mai aure na gaske a 700.

Ɗan Njamena:
Mu nan 2500 ne, a Kusiri na ji an ce 2000. Wanda ya ce 700 ai ya gaya maka gaskiya tun farko.

Baba Mai Reza:
Tsada ba shaida ba ce, ana sayar da na ƙarya a 2000. Mai aure a gona 300 yake karɓa kan kowane kututture, a biya rabi ranar aiki, rabi bayan idon ya tsiro.

Mai Shayin Gidar:
Wato har bishiya ba a biyan sadaki duka sai an ga amarya ta zauna. Ni shekara huɗu ina nema, Baba ko za ka zo da rezar taka?

Baba Mai Reza:
Kai kututturenka ya bushe. Amma ka tuna mini: tohon da ke fitowa ƙasa da haɗin shi ne kishiyar, ya fi amarya ƙarfi. Kowane mako a bi a fige shi da hannu tun yana ɗanye, shekara biyu ba fashi.

Innar Mayo Kaliyaw:
Ba wanda ya yi maganar tsutsa. Gola ta kai ƙwan tantabara, ruwa gare ta, ƙuda yana huda ta ya sa ƙwai tun tana kore. Duk wadda ta faɗi a tsince a binne da zurfi, in an bar ta tsutsar tana shiga ƙasa ta dawo ƙuda. Kuma ɗanya ake sayar da ita cikin 'yan kwanaki. Ta daji ita ce ake shanyawa a daka a yi yabande, wato tuwon magarya. Ka bar goma ba aure, matan gida za su gode maka.

Manomin Pitowa:
Na gode Baba, na gode Inna. Na fi karkata ga auren a gona. A ina zan sami reshen Umran na gaskiya kusa da Garwa? Kuma sai na fara gaya wa kawuna, don gonar aronsa ce.

Alhajin Lagdo:
Aro? Da wannan ya kamata ka fara. Bishiyar da ta fito da kanta ta mai ƙasa ce. Ranar da ta fara kawo kuɗi 'ya'yan kawun za su tuna gonar ubansu ce.

Ɗalibar Ngawundare:
Shi ya sa da aka yi shirin barin gawo a gonakin auduga a shekarun 1990, masu gonar kansu suka fi riƙe shi. Mai haya ba ya renon abin da ba zai ci ba.

Mai Shayin Gidar:
A garinmu mai haya ko zogale ya dasa sai a karɓe gonar baɗi, wai yana neman kafa gado.

Innar Mayo Kaliyaw:
A rubuta takarda gaban jauro, wato mai gari, da shaidu biyu, shekara nawa, rabon nawa.

Alhajin Lagdo:
Takarda tsakanin ɗa da kawu? Ranar da ya ambace ta, ranar za a karɓe gonar.

Baba Mai Reza:
Ko ta wa ce, ku yi maganar shinge. Akuya ɗaya da rani ta isa ta cinye aure 43 kafin azahar. Waya mita nawa jaka 120 za ta saya yanzu a Garwa?