Tambaya kan zagayen ƙarshe na wasan tagulla na Fujisawa a 2018

Masana wasan curling (wasan tura dutse a kan ƙanƙara), ina neman taimako. A wasan neman lambar tagulla na mata a gasar Olympics ta hunturu ta Pyeongchang 2018, ƙungiyar Satsuki Fujisawa ta Japan ta shiga zagaye na 10 tana gaba da Birtaniya 4 da 3, kuma dutsen ƙarshe yana hannun Eve Muirhead, jagorar ƙungiyar Birtaniya. Maki ɗaya ya ishe ta kai wasan zagayen ƙari, amma a nan Japan ce za ta riƙe dutsen ƙarshe. Sai ta nemi biyu, jifar ta tura dutsen Japan tsakiya, Japan ta ƙara maki ɗaya, aka tashi 5 da 3.

Inda na maƙale: ƙarfin jifar ne ya yi yawa, ko layin ne ya kauce tun daga saki? Masu share ƙanƙara a gaban dutsen za su iya gyara shi?