Sunayen mutanen Dostoyevski sun ɗaure mini kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina fama da littafin ƙarshe na Dostoyevski, marubucin nan ɗan ƙasar Rasha, labarin 'ya'yan gidan Karamazov, wanda ya kammala a 1880, kafin rasuwarsa a 1881. Labarin ya shiga raina, amma sunaye sun tsayar da ni cak. Mutum ɗaya ne, nan Dmitri, can Mitya, gaba kaɗan Mitenka, wani wurin Dmitri Fyodorovich. Na gane Fyodorovich na nufin ɗan Fyodor, har na jera sunayen da fensir a bangon littafin.

Abin da ya gagare ni: yaushe gajeren sunan ke nuna ƙauna, yaushe yake zama raini? Don Allah wanda ya san al'adar Rashawa ya warware mini.