Tayin filin gwamnati a Singafo: yaya ake yanke farashi?

Mai Awo: Salamu alaikum. Hukumar URA, mai kula da tsara birni da sake raya shi a Singafo, tana sayar da filayen manyan gine-gine kan hayar shekara 99, kuma kowane kamfani yana rufe tayinsa ne a ambulan, babu mai ganin na wani. To da me ake yanke adadin da za a rubuta?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Daga ƙarshe ake farawa. Ka ƙiyasta abin da gidajen za su kawo in an sayar, ka cire kuɗin gini, kuɗin ruwan banki, haraji, tallace-tallace da ribarka. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Misali ciniki 100, gini 33, sauran ɗawainiya 14, riba 12, fili ba zai wuce 41 ba. Kuma ba faɗin ƙasa ake saye ba, yawan ginin da aka yarda a ɗora a kanta ne, shi ya sa suke lissafi da kowane murabba'in ƙafa na ginin da aka halatta. Inda ake faɗuwa shi ne mutum ya ɗora lissafinsa kan cewa farashin gida zai tashi nan da shekara uku. Wanda ya fi kowa zumuɗi shi ke cinye filin, sau da yawa kuma shi ya fi kowa kuskuren ƙiyasi.

Hajiya Akanta: Injiniya, a ƙara maganar lokaci. Kafin alƙalami na kashi 5 yana tafiya da tayin, a cika kashi 25 cikin kwana 28, ragowar cikin kwana 90. Sannan akwai harajin ABSD, wato ƙarin harajin hatimi da mai sayen gida ko filin gidaje ke biya: kashi 5 na kuɗin fili ya tafi ke nan, kashi 35 kuma ana yafewa ne in an gina an sayar da gidajen cikin shekara 5. Fili babba mai ɗaruruwan gidaje ya fi wannan haɗari, don haka ake rage tayi ko kamfanoni su haɗa gwiwa.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. Amma kada a matse da yawa don ana zaton babu abokin takara. Gwamnati na da ɓoyayyen farashin da ba ta sauka ƙasa da shi. A 2024, tayi ɗaya tak aka samu kan filin Marina Gardens Crescent, URA ta ce albarka, ya yi kaɗan.