Musayar waƙa: Gidan Sardauna na Kaduna

Ɗan Kanwuri:
Salamu alaikum. Ga buɗi, mai amsa ya amsa.

A titin Rabah can cikin Kaduna,
Nan Gamji yaz zamna, ɗan Sarkin Rabah Sardauna,
Daren Janairu soja sunka zo da ɓarna,
Rufi ya rushe, gida yash sha ƙuna.

Baƙon Kaduna:
Kuna ta kuka can bakin Hubbare,
Mu ko tokar gidan muka share,
Arewa House ga shi nan a gyare,
Takardun Gamji na ciki a jere.

Ta-Runjin Sambo:
Kai baƙo, wa yak kira ka gaba?
Titin da kake taƙama sunansa Rabah,
Aro munka ba ku, ba ku tsare shi ba,
Hafsatu matar Gamji ce tat tsaya, ba ta guje shi ba,
Yau kuna gadin takarda, ba ku ji kunya ba.

Na-Mabera:
Allah shi ja zamaninki Hajiya! Wagga ƙwar biyar ta rufe bakin kowa. Sakkwato ad da waƙa, saura 'yan rakiya na.

Ɗan Kanwuri:
Ku yi adalci dai. Ranar 15 ga Janairu 1966 Manjo Nzeogwu ya buɗe ma gidan wuta, ba mutanen Kaduna ba. A 1970 anka mai da wurin cibiyar tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya shugabance ta, yanzu tana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Baƙo bai yi ƙarya ba.

Malam Mai-Aruli:
Ɗan Kanwuri, bar tarihi tukuna ka dubi baitinka. Layi na biyu ya zarce na farko da gaɓa uku, yana ɗingishi. Hajiya kuma, a gafarce ni, "Rabah" ba ta amsa "gaba", akwai harafi tsaye a bayanta.

Ta-Runjin Sambo:
Malam mai awo da tsinken tsintsiya,
Ana zancen Gamji kana ƙirgan wutsiya,
Kawo naka baiti in da gaskiya.

Na-Mabera:
Ƙwar uku ta ishe shi!

Malam Mai-Aruli:
Tsintsiya, wutsiya, gaskiya, to wannan ya zauna. Amma karin fa? Layin farko da na biyu ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Ɗan Kanwuri:
Allah gafarta Malam, da baki ake rera ta, in na ja numfashi gaɓa ukun nan ba ka jin su.

Malam Mai-Aruli:
Rubutacciya kuka kawo mana, ba ta kalangu ba. Abin da ke rubuce shi nike aunawa.

Baƙon Kaduna:
Afuwan, waya ce ta mutu tun jiya. Hajiya, ga taki:

Firimiya na Arewa ne duka,
Tun 1954 ya ɗau tuta a ka,
Ku zo Kaduna ku ga ɗakin karatu, ku daina kuka.

Malam Mai-Aruli:
Wa ke sa lamba cikin baiti? Rera mini 1954 ɗin nan in ji inda za ka numfasa.

Na-Mabera:
Hajiya tana kicin, ta ce a gaya ma baƙo kada shi kashe waya.